Ƙwallon lambu a ƙasar da ba ciyawa: yadda ake daidaita gajeren bugu a kan faƙo

Kafofin yaɗa labarai na Hausa suna kiran golf da ƙwallon lambu, kuma duk wanda ya taɓa kallon gasar Masters a talabijin ya san dalili: ciyawa kore shar, an aske ta kamar darduma, ga furanni ga tafkuna. A Madawa kuwa, in aka ce lambu, albasa ake nufi. Ruwan da ake samu a kwarin Tarka na albasa ne da sauran kayan rani, ba wanda zai yi mafarkin zuba shi a kan ciyawar da ko akuya ba za a bari ta ci ba. In aka hau tudun Adar, wajen Buza da Keita, duwatsu ne da faƙo, irin ƙasar da sai da aka kafa babban aikin farfaɗo da ita a Keita a 1984, da tallafin Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Wasan da ke tara jama'a a jihar Tawa kokawa ce, sai ƙwallon ƙafa.

Amma matasan Adar matafiya ne. Suna Kano da Abuja da Legas, suna Abijan, wasu sun kai Turai da Amurka, kuma a waɗannan biranen ne mutum ke cin karo da filin golf, ko a matsayin ma'aikaci, ko mai ɗaukar jakar sanduna da ake kira kadi, ko kuma abokin aiki ya gayyace shi. Wanda ya fara riƙe sanda yakan so ya cilla ƙwallo nesa kowa ya yi tafi. Sai dai inda sabon ɗan wasa ya fi jin kunya shi ne mita goma ko ashirin na ƙarshe, inda ƙwallo ta tsaya dab da da'irar da rami yake, amma ba ta hau ba. Bugun da ake yi a nan shi ake kira cif: ƙwallo ta ɗan tashi kaɗan, ta sauka, sannan ta gangara zuwa rami. Ba ya buƙatar ƙarfi, ba ya buƙatar fili mai faɗi, kuma shi ne bugun da busasshiyar ƙasa ta fi kowace ƙasa iya koyarwa.

Golf a kan yashi da mai

Wasan ya shigo arewacin Najeriya ne tare da Turawan mulkin mallaka da na haƙar kuza. Filin Rayfield da ke Jos, wanda aka buɗe a 1913, shi ake lissafawa a matsayin mafi daɗewa a ƙasar, kuma Kano da Kaduna da Zariya duk suna da nasu kulob tun zamanin. Matsalar da aka fuskanta ita ce ta ruwa. Da'irar da ke kewaye da rami, wadda a Ingila ciyawa ce mai laushi da ake kira girin, ba ta rayuwa a watannin rani. Sai aka koma yashi da aka kwaɓa da mai aka daddaɓe, aka sa masa suna burawun saboda launinsa. A kan irinsa aka daɗe ana wasa a kulob ɗin golf na Kano, kuma kafin mutum ya tura ƙwallo rami sai an share masa hanya an lallaɓe yashin.

A Nijar, filin Rio Bravo da ke wajen Yamai ya wuce nan: ƙasa ce da yashi tun daga farko har ƙarshe, ɗan wasa kan yi yawo da guntun ciyawar roba ya ɗora ƙwallo a kai. Haka ake yi a Wagadugu, haka kuma ake yi a garin Coober Pedy da ke hamadar Ostareliya. Wato golf ɗin da ba ciyawa tsohon abu ne, yana da nasa dabarun, kuma yawancin bidiyon koyarwa da matasa ke kallo a YouTube ba su san da shi ba, domin a kan lallausar ciyawar Fulorida ko Sifaniya ake ɗaukarsu.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Ciyawa tana ɗan ɗaga ƙwallo sama, tana barin sarari a ƙarƙashinta, don haka ko sanda ta riga ta taɓa ƙasa da ɗan yatsa ɗaya kafin ta kai ga ƙwallo, sai ta zame ta wuce, bugun ya fita ba laifi. Faƙo ba ya yafiya. Sanda ta sauka da wuri, ƙasa za ta mayar da ita sama, kaifin bakinta ya daki tsakiyar ƙwallo, ta fita da gudu kamar an harba ta da gwafa, ta tsallake rami ta faɗa can ɗaya gefen.

Inda sanda ke sauka

Masu koyarwa sun sha bamban a kan abubuwa da yawa, amma sun haɗu a kan guda: kan sanda yana tafiya ne a lanƙwashe kamar lilo, kuma wurin da ya fi kusa da ƙasa a wannan lilo dole ya kasance daidai ƙarƙashin ƙwallo ko ɗan gabanta, ta wajen rami. Duk wata matsala ta cif daga nan take. In wurin ya koma baya, ko dai a sari ƙasa ƙwallo ta yi taku biyu ta tsaya, ko a daki cikinta ta wuce gona da iri. Kurakuran biyu kamar kishiyoyin juna suke, alhali uwarsu ɗaya.

Abin da ke mayar da wurin baya shi ne son taimaka wa ƙwallo ta tashi. Mai koyo yana ganin dole ya shiga ƙarƙashinta ya ɗebo ta kamar yadda ake ɗibar koko da ludayi, sai ya jingina baya, ya karya wuyan hannu a daidai lokacin bugu. Fuskar sanda tuni a kwance take, an ƙera ta ne don ta ɗaga ƙwallo da kanta. Aikin ɗan wasa ya kai ta wurin kawai.

Ga mai bugu da dama, tsayuwar da ke hana wannan ba ta da wuya. Ƙafafu kusa da juna, tazarar da ba ta wuce tafin hannu ɗaya ko biyu ba. Nauyin jiki ya fi yawa a ƙafar hagu, kamar kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, kuma ya zauna a can har a gama, kada ya yi ta kai da komowa. Ƙwallo a tsakiyar ƙafafu ko ta ɗan matsa wajen ƙafar dama. Hannuwa su ɗan riga kan sanda, a kuma sauko da riƙo ƙasa a jikin ƙota domin sandar ta gajarta. Daga nan ƙirji da kafaɗu ne ke juyawa su tafi da hannuwa, wuyan hannu ya yi shiru. Mai bugu da hagu sai ya juya lissafin.

Sai kuma abin da tsoro ke haifarwa. Mutum ya ja sanda baya da nisa, a tsakiyar hanya zuciyarsa ta ce masa ya yi yawa, sai ya rage gudu dab da ƙwallo. Sandar da ke rage gudu ba ta sauka inda aka nufa. Gara a ja ta baya kaɗan a wuce da ita gaba da saurin da bai canja ba, tsawon gaba ya yi daidai da na baya. Ko manya wannan gajeren bugu ya taɓa kunyata su. A gasar US Open ta 1985, T.C. Chen na Taiwan yana gaba da bugu huɗu a ranar ƙarshe, sai a rami na biyar sandarsa ta maƙale a ciyawa mai kauri ta daki ƙwallo sau biyu a bugu ɗaya. Ya tashi da bugu takwas a ramin, kofin kuma ya tafi hannun Andy North da ratar bugu guda. Tun 2019 dokar ta sauya, dukan ƙwallo sau biyu ba da gangan ba ba ya jawo tara, sai dai dokar ba ta iya mayar da ƙwallo inda aka so ta je.

Sandar da ta dace da ƙasar

Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna har 14, kuma da yawa daga cikin masu koyo, da zarar sun matso kusa da rami, hannunsu na zuwa ne kan wadda fuskarta ta fi kwanciya, wato weji mai digiri 56 ko 60, saboda ita suke gani a hannun ƙwararru. A kan faƙo wannan zaɓi ne mai tsada. Wejin yashi, wanda Gene Sarazen ya shahara da shi tun 1932, an yi masa tudu a gindi da gangan domin ya yi sulu a cikin lallausan yashi maimakon ya nutse. Tudun nan da ke ceton mutum a ramin yashi shi ne ke fara dukan ƙasa mai tauri, ya ɗaga kaifin sanda zuwa cikin ƙwallo.

Sanda mai lamba 7 ko 8 ko 9 ba ta da wannan fitina sosai. Fuskarta a miƙe take, lilo kaɗan ya ishe ta, kuma ƙaramin lilo ƙaramin kuskure yake haifarwa. Ƙwallo tana fita ƙasa-ƙasa, iskar hunturu ba ta samun abin kamawa, ta sauka da wuri ta kama gangara. Akwai kuma wata dabara da ta dace da busasshiyar ƙasa: a matso kusa da ƙwallo, a ɗaga ƙota ta miƙe har dundunniyar kan sanda ta bar ƙasa, hancinta kaɗai ke taɓawa, sannan a buga kamar ana tura ƙwallo da fota, sandar da ake ƙarasawa rami da ita. Ɓangaren sandar da zai iya karo da ƙasa ya ragu ke nan.

Wannan salo da Paul Runyan aka fi saninsa, wani ɗan Amurka mai ƙaramin jiki da ba ya iya cilla ƙwallo nesa. A wasan ƙarshe na gasar PGA ta 1938 ya haɗu da Sam Snead, wanda ke wuce shi da tazara mai yawa a kowane dogon bugu. Runyan ya lallasa shi har aka tsayar da wasa yana gaba da rami takwas alhali bakwai suka rage. Gajeren bugu ne ya yi wannan aiki.

Idan kuma ƙasar da ke tsakanin ƙwallo da rami a shafe take, ba dutse ba rami, babu dokar da ta hana a ɗauki fota tun daga waje. Wasu na ganin hakan kamar gazawa ce. A takardar lissafi dai adadin bugu ake rubutawa, ba sunan sanda ba.

Ido a kan masauki

Ramin golf faɗinsa milimita 108 ne, kuma shi ne ke jan idon mai koyo. Ƙwararre wani wuri yake kallo: inda yake son ƙwallo ta fara sauka. Bugun da Tiger Woods ya yi a rami na 16 a gasar Masters ta 2005, wanda har yau ake yaɗawa a kafofin sada zumunta, ba rami ya nufa ba. Ya jefa ƙwallo can gefe a kan gangare, ta juyo a hankali, ta tsaya a bakin rami kamar ba za ta faɗa ba, sannan ta faɗa. Larry Mize ma, a 1987, daga tazarar kusan mita 43 a rami na 11 ya saukar da tasa kafin girin, ta yi tsalle ta gangara ta shige, Greg Norman yana tsaye yana kallo kofi ya kuɓuce masa.

Akwai wani lissafi da masu koyarwa ke amfani da shi, ana ce masa ƙa'idar 12. Mutum ya auna taku nawa ne daga ƙwallo zuwa masauki, da kuma taku nawa daga masauki zuwa rami. Ya raba na biyu da na farko, ya cire abin da ya samu daga 12, amsar ita ce lambar sanda. Misali, taku uku a sama da taku goma sha biyu a ƙasa: 12 a raba da 3 ya ba da 4, a cire 4 daga 12 saura 8, wato sanda mai lamba 8.

Sai dai a kan girin na ciyawa mai matsakaicin santsi aka gina lissafin. Burawun yana shanye gudun ƙwallo, wadda ta faɗo daga sama ma takan ɗan nutse ta tsaya nan take, faƙon da ke kewaye da shi kuwa yana ƙara mata tsalle. Don haka ɗan wasan Kano ko Yamai ba zai ɗauki lambobin kamar yadda suke ba. Abin ɗauka shi ne tsarin: masauki ɗaya, lilo iri ɗaya, sanda ce ke canjawa gwargwadon nisan rami. Lambobin kuma kowa ya auna nasa a kan ƙasar da yake wasa, da taku, ya riƙe a ka. Da damina ta sauka ƙasa ta yi laushi, sai an sake awo.

Atisayen da ba ya cin kuɗi

A nan ne mai busasshiyar ƙasa ya fi mai ciyawa sa'a. A ja layi a ƙasa da tsinke, a tsaya yadda layin zai kasance inda ƙwallo za ta zauna, a yi ta lilo ba tare da ƙwallo ba. Kowane bugu zai bar tabo. Tabon da ya fara a kan layi ko ɗan gabansa daidai ne, wanda ya fara a bayansa shi ne kuskuren da ake nema. Ciyawa tana ɓoye wannan shaida, faƙo kuwa yana rubuta ta ɓaro-ɓaro, ba sai da kyamara ko malami ba. In mutum ya iya jera tabo goma a wurin da ya dace, sai ya ɗora ƙwallo a kan layin ya ci gaba.

Na biyu shi ne masauki. A shimfiɗa buhu ko guntuwar tabarmar kaba, irin wadda Madawa ta yi suna da ita, taku uku ko huɗu daga ƙwallo. Burin shi ne ƙwallo ta fara sauka a kai, inda za ta tsaya daga baya ba shi ne abin dubawa ba tukuna. A ƙirga nawa cikin goma suka hau. In sun kai bakwai, a naɗe buhun biyu.

Wani abu da ake yawan mantawa shi ne, zuba ƙwallo talatin a wuri ɗaya a yi ta bugawa yana sa mutum ya ji ya iya, amma a fili ba a samun bugu iri ɗaya sau biyu a jere. Tun 1979 binciken John Shea da Robyn Morgan a kan yadda jiki ke koyon motsi ya nuna cewa waɗanda aka cakuɗa wa atisaye sun fi shan wuya a lokacin koyo, amma sun fi riƙe abin daga baya. Saboda haka bayan layi da buhu, ya kamata a koma ƙwallo ɗaya: a jefa ta wuri daban-daban har tara a kewayen rami, mai sauƙi da mai wuya, kowace a buga cif sannan a ƙarasa da fota. Wanda ya yi bugu biyu a kowace zai tashi da 18. Sabon shiga zai iya farawa da 27 ko fiye, kuma lambar da ya rubuta yau ita zai yi ƙoƙarin karyawa mako mai zuwa. Ƙwallon golf dai tauri gare ta, nauyinta ya kusa giram 46, kuma wadda aka daka a ciki tana fita da gudu, don haka ba a yin wannan inda yara ko dabbobi ke gilmawa.

Abin da gajeren bugu zai iya, da wanda ba zai iya ba

An daɗe ana cewa a kusa da rami ake cin golf. Mark Broadie, malami a jami'ar Columbia da ke Amurka, ya bi diddigin ɗimbin bugun 'yan wasa, kuma littafinsa na 2014 ya nuna cewa dogayen bugu ne suka fi raba manyan ƙwararru da sauran, da kusan kashi biyu cikin uku na tazarar. Wanda ke mafarkin zama ƙwararre ba zai tsira da cif kaɗai ba. Amma ko a gasar PGA ta Amurka, 'yan wasa kan hau girin a adadin bugun da aka tsara ne a kusan rami 12 cikin 18, sauran shida sai sun nemi mafita. Mai koyo kuwa kusan kowane rami yana buƙatarta. Kuma dogon bugu yana son fili da ƙwallaye da yawa da kuɗin shiga kulob, shi kuwa wannan sanda ɗaya ta gwanjo da ƙwallo uku sun isa.

Tarihin wasan cike yake da waɗanda suka shigo ta wannan ƙofa. Seve Ballesteros, ɗan ƙauyen Pedreña a arewacin Sifaniya, kadi ne tun yana yaro, kuma a bakin teku ya koyi bugu da sanda guda mai lamba 3, har ya iya sa ta yin aikin sauran sanduna. Ya ci British Open sau uku da Masters sau biyu kafin rasuwarsa a 2011, kuma har yanzu in ana maganar hannu mai laushi a kusa da rami sunansa ake fara kira. Lee Trevino, wanda ya tashi cikin talauci a Dallas, shi ma kadi ne, a kan busasshiyar ƙasar Texas ya saba da bugun ƙasa-ƙasa. A Muirfield a 1972, a rami na 17 na ranar ƙarshe, cif ɗinsa ne ya shige rami daga bayan girin, Tony Jacklin da ke tare da shi ya rikice ya yi bugu uku da fota, Trevino ya ɗauki kofin da ratar bugu ɗaya a kan Jack Nicklaus.

Najeriya ma ta taɓa zama matakala ga irin waɗannan. Gasar Nigerian Open, wadda aka fi yi a kulob ɗin Ikoyi da ke Legas, ita ce nasarar farko da Sandy Lyle ya samu a matsayin ƙwararre a 1978, shekara bakwai kafin ya ci British Open. Vijay Singh na tsibirin Fiji ya ci ta a 1988, lokacin ba wanda ya san shi sosai, bayan ya yi zaman koyar da golf a wani kulob da ke tsibirin Borneo. A 2004 shi ne ya sauke Tiger Woods daga matsayin na ɗaya a duniya.